Birkila ya binne min bola a tsakar gida

Baban Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ku taya ni ji, wlh raina a ɓace yake tun la'asar. Kun san tsakar gidanmu na Hanwa, kankaren da marigayi Baba ya zuba tun zamanin Shagari duk ya tsattsage ciyawa na fitowa ta ko'ina, shi ne na ce bari in fasa in sa intalok in bar ɗan fili a gefe saboda fulawa da itacen lemo da uwargida ta daɗe tana min mitarsu. Na kawo birkila muka yi ciniki, na ba shi kuɗin tifa biyu ta marmara da kuɗin kwashe baraguzai. Yau na dawo daga aiki kawai sai na tarar ya sa yaransa sun farfasa tsohon kankaren da guduma sun baje shi a wurin suna ta bugawa, wai a kansa zai zuba yashi ya jera intalok. Tifa ɗaya tak ya kawo. Na ce malam wannan wane irin aiki ne, wai "Alhaji ai wannan ya fi marmara ƙarfi". Jama'a simintin da ya haura shekara 40 ai ya mutu, ta yaya mutum zai binne min bola a tsakar gida ya lulluɓe da sabon kaya ya ce min aiki ya yi? Na dai dakatar da su. Maginan zamanin nan sai addu'a.

Maman Iman: Innalillahi. Allah ya huci zuciyarka Baban Hanifa, mu ma mun ga irinta

Ɗan Gyallesu: Kai ma dai yallaɓai, ana ba mai gini kuɗi a hannu a tafi ofis ne?

Oga Birkila: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ban san yaron da ya maka aikin ba kuma ba zan kare shi kan tifar da bai kawo ba, amma kalmar bola ɗin nan dan Allah ka janye ta. Bola ita ce leda da toka da ɓawon rake da kashin awaki. Kankare kuwa tsakuwa ce da yashi da siminti, ko ka fasa shi tsakuwar tana nan ba inda ta je. Sannan "maginan zamanin nan" da ka yi mana kuɗin goro, mu ma muna cikin zauren nan fa.

Baban Hanifa: Oga duk abin da aka fasa za a zubar sunansa bola, ba wani kwana-kwana.

Oga Birkila: Wa ya ce za a zubar? Kai ne ka ce a zubar. Jeka layin da ruwa ya cinye a Tudun Wada ka ce kana da baraguzan kankare kyauta ka ga yadda za a zo da baro ana rige-rige. Ka taɓa ganin ana rige-rigen kwasar bola?

Ɗan Gyallesu: Ana yi mana Oga, manoma har kuɗi suke biya a kai musu bola gona 😂

Oga Birkila: Wannan taki ne ba bola ba

Ɗan Gyallesu: A unguwa bola, a gona taki. Kenan ko a nan ma Baban Hanifa ya yi gaskiya, a gidansa bola ce, a Tudun Wada ne ta zama kayan gyaran hanya

Maman Iman: Ni dai abin da na gani da idona zan faɗa. Namu intalok ɗin na Dogarawa haka aka yi mana, aka jibga fasassun bulo da kankare a ƙasa, damina ɗaya wlh wajen ya zama tudu da kwari, inda ake ajiye mota ya lotsa ruwa na kwanciya yara na ta faɗuwa, ga tururuwa sun mayar da wurin gida suna ta fito da yashi. Sai da aka ɗaga rabi aka sake. Don haka ni a wajena bola ce, ko Oga ya ji haushi sai dai ya yi haƙuri.

Oga Birkila: Hajiya kin ce bulo. Bulo daban kankare daban. Bulon da ake buga sama da 50 da buhu ɗaya ai ko da hannu ka murza shi zai koma yashi.

Maman Iman: To su wa suke buga shi haka? Ba ku ba ne?

Oga Birkila: Masu gidan bulo ne, mu saye muke yi kamar kowa. Kuma ku masu gida ku ne kuke cewa a sayo mai araha

Admin: Jama'a a bi a hankali. Amma dai maganar gaskiya asalin aiki shi ne a kwashe tsoho a zuba marmara mai kyau, araha ba ta ado.

Ɗan Gwangwan: Slm. Ni tambaya ɗaya gare ni Alhaji, rodin da ke cikin kankaren yana ina?

Baban Hanifa: Wane rodi kuma?

Ɗan Gwangwan: Kankaren da aka zuba lokacin Shagari wasu sukan sa rodi ko waya a ciki, kuma rodin wancan zamanin ba irin na yanzu ba ne, yana da nauyi a sikeli. Ka duba.

Baban Hanifa: Yanzu na tambayi Hanifa ta ce ta ga yaran suna ɗaure wasu ƙarafa sun ɗora a babur da azahar. Kun gani ko? Kun ga abin da nake faɗa?

Ɗan Gyallesu: Ashe bolar da sauran nama a jikinta 😂😂

Maman Iman: Ai dama ɗan gwangwan ba abin da zai tambaya sai ƙarfe. Su ne suka ɗauke mana murfin kwalbati a layinmu, har tukunyar da na kife a ƙofar gida ba su bari ba

Ɗan Gwangwan: Hajiya ki ji tsoron Allah. Kin kama ni da murfin kwalbatinki ne? Ni shago gare ni da sikeli, ana kawo min kaya ina saye, duk wanda na ga kayan bai yi kama da nasa ba ina korarsa. Sana'ar jari bola tana ciyar da gidaje da yawa a garin nan, kuma rodin da ake gini da shi yanzu kina tsammanin daga ina yake? Da yawansa daga gwangwanin nan ne da muke lodawa a tirela, a narka a sake fito da shi. In bola abin ƙyama ce to a cikin ginshiƙin ɗakinki ma akwai ta

Maman Iman: Ban ce kai ba, na ce su

Ɗan Gwangwan: Su ɗin mu ne ai

Bakano Mai Yadi: Zage-zagi kenan, an fara da tsakar gida an koma murfin kwalbati. Ku kawo shari'ar Kano iyayen gidanku su raba muku

Ɗan Gyallesu: Bakano yi mana shiru, da ku ne da tuni kun wanke baraguzan kun zuba a buhu kun kai Kwari kun ce daga Dubai aka kawo

Bakano Mai Yadi: Kuma ku zo ku saya 😂

Injiniyan Samaru: Assalamu alaikum, sai yanzu na ga saƙonnin. Baban Hanifa bari in fara da maganar siminti ya mutu. Wanda yake mutuwa shi ne na cikin buhu da ya sha danshi ya daskare kafin a yi aiki da shi. Wanda aka riga aka kwaɓa ya zama kankare ba ya mutuwa don ya tsufa, a kwana 28 ake auna ƙarfinsa amma bayan nan ma yana ci gaba da ƙara ƙarfi a hankali. Tsagewar da naka ya yi galibi daga ƙasar da ke ƙarƙashi ne ko saiwar itace ko don ba a bar masa tsagar numfashi ba lokacin zubi. Kuma shi wanda za a baje a ƙasan intalok ba a nemansa ya riƙe komai da danƙonsa, aikin tsakuwa kawai zai yi.

Injiniyan Samaru: Amma akwai sharuɗɗa, kuma a nan ne yawancin masu aiki suke kwafsawa. Sai an farfasa shi ƙanana, babba a ciki kar ya wuce ƙwan kaza wato santimita 4 zuwa 5, a haɗa da garinsa da ƙananan gutsattsarin saboda su cike ramukan tsakani. In aka jera manyan ɓalli-ɓalli kamar faranti aka watsa yashi a kai, ruwan sama zai riƙa jan yashin yana zurarawa cikin ramukan, shi ne intalok ya lotsa, kuma ina kyautata zaton abin da ya samu Maman Iman kenan. A tsince rodi da katako da leda da filasta duk a cire, katako ruɓewa zai yi ya bar rami, rodi kuma ya yi tsatsa ya kumbura. A zuba shi hawa-hawa kar kowane hawa ya wuce santimita 10, a yayyafa ruwa sosai don tsohon kankare ya fi dutse shan ruwa, a bi da injin daɓe ba ƙafar lebura ba. Wurin tafiyar ƙafa kaurin santimita 10 zuwa 15 ya isa, inda mota za ta hau a kai 20 ko fiye. Sai yashi mai kaifi santimita 3 zuwa 4 kawai, sai intalok mai kaurin 6 na ƙafa, mai 8 na mota, a ɗaure gefe da kab, wato bulon kankare na tare gefe, don kar su baje. A ba shi gangara wajen santimita 2 a kowace mita zuwa bakin rariya, ruwan Agusta a Zariya ba ya wasa.

Ɗan Gyallesu: An zo da lakca. Injiniya akwai jarrabawa ne bayan wannan mu nemo biro?

Oga Birkila: Duk abin da ya faɗa mu a ido muke yinsa ba sai da santimita ba

Injiniyan Samaru: Oga idon nan ne ya lotsar da gidan Maman Iman

Oga Birkila: Yallaɓai da girmanka. Jami'ar Ahmadu Bello da kake taƙama da ita tun 1962 take tsaye, waye ya ɗora bulo a kan bulo a cikinta, masu digiri ne? Ku zo sayit da farar hula da takalmi mai tsabta ku nuna da yatsa ku tafi, in gini ya yi kyau injiniya ne, in ya tsage birkila ne

Injiniyan Samaru: Ni fa goyon bayanka na yi a maganar nan, ka karanta da kyau

Oga Birkila: Na karanta, goyon baya da zagi a ciki

Baban Hanifa: Injiniya ni duk wannan lissafin bai dame ni ba. Yaran nan guduma biyu gare su da wani kututture da suke bugawa da shi, ba wani inji. Kenan bola ce suka binne

Injiniyan Samaru: A'a kenan aikin ne bai cika ba, kayan ba su da laifi. Injin daɓe ana bayar da haya na yini. Ka turo hoton wurin in ga girman fasawar

Baban Hanifa: Dare ya yi kuma ba wuta

Malam Na Islamiyya: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ban san gini ba amma na ga ana ta bola bola an bar asalin mas'ala. Manzon Allah SAW ya wuce wani mai sayar da abinci ya sa hannunsa mai albarka cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Hadisin yana cikin Muslim. To ko kayan nan sun fi zinare kyau, tunda an karɓi kuɗin tifa biyu an kawo ɗaya, an karɓi kuɗin kwashewa ba a kwashe ba, kuma ba a sanar da mai gida ba, wannan ha'inci ne.

Baban Hanifa: Allah ya saka da alheri Malam, ka gama magana

Oga Birkila: Allah gafarta Malam ha'inci fa babbar kalma ce. An ji ta bakin yaron? Da rana tsaka yake aikin a gaban iyalin gida, wanda zai ɓoye abu ai ba haka yake yi ba. Fasa kankare da guduma kun san wahalarsa? Leburori ba kyauta suke yi ba, ƙila kuɗin tifar can ya tafi

Ɗalibar Kongo: Gaskiya Oga yana da hujja a nan. Baban Hanifa da kuka yi ciniki an rubuta? Ko akwai shaida? Kuma cewa ka yi "ga kuɗin tifa biyu" ko jimla ka ba shi ka ce ya yi maka aiki mai kyau? Don hukuncin ba ɗaya ba ne

Baban Hanifa: Ƙanwata wa yake rubuta takarda da birkila? Ƙanin uwargida ne ya kawo shi ya ce amintacce ne

Ɗan Gyallesu: Tammat. Ashe rigimar ta surukai ce 😂 shi ya sa aka kawo mana nan, a gida ba a isa a faɗa ba

Baban Hanifa: Ɗan Gyallesu ka kiyaye ni, ba sa'anka ba ne ni

Ɗan Gyallesu: Tuba nake yaya

Ɗalibar Kongo: Ba ka amsa min ba dai, jimla ce ko dalla-dalla?

Baban Hanifa: Shi ya lissafo min da bakinsa, tifa biyu, kwashewa, yashi, intalok, kuɗin aiki, na tura masa

Ɗalibar Kongo: Toh in haka ne canjin tifa ɗaya da kuɗin kwashewa naka ne, sai dai a cire ladan fasawa in ka yarda da aikin. Rodin ma naka ne

Ɗan Gwangwan: In an karɓo rodin a kawo min zan saya da daraja

Maman Iman: Kun ji ko

Kawu Mai Ritaya: Yara ku saurara. Ni abin da ya ba ni mamaki yau a Zazzau ake kiran tsohon kayan gini bola. A cikin gari in katanga ta faɗi ba a zubar da ƙasarta, jiƙa ta ake yi a sake kwaɓawa da ciyawa a yi tubali, magina ma sun fi son tsohuwar ƙasa. Tsakar gida kuwa mata ne suke daɓe, a baje tsakuwa da marmara a yi ta yayyafa ruwa ana bugu da madaɓi ana waƙa tun safe, a gama a shafe da ruwan makuba, ya yi shekaru ba ya tashi. Abin da Injiniya ya zayyano da santimita shi ne dai iyayenmu mata suke yi, a jiƙa a buga a ƙara a buga. Da tsohuwar zuma ake magani. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu da ƙasa da azara ya yi shi, ba buhun siminti ko ɗaya

Bakano Mai Yadi: Kawu amma ai wani sashe nasa ya rufta a 2023

Kawu Mai Ritaya: Bayan shekara nawa? Naku na siminti nawa ne suka rufta tun ba a tare ba?

Malam Na Islamiyya: Dan Allah a bar wannan misalin, an rasa rayuka a wurin ana cikin sallah. Allah ya jiƙansu da rahama

Bakano Mai Yadi: Amin. Ba da wata manufa na faɗa ba

Ɗan Gyallesu: Amin ya Allah

Maman Iman: Amin. Amma Kawu zamanin daɓe ba a shiga tsakar gida da mota, yanzu kuwa har tankar ruwa sai ta shigo

Kawu Mai Ritaya: Wa ya aike ku shigar da mota tsakar gida

Injiniyan Samaru: Maganar Kawu gaskiya ce kuma ba mu kaɗai ba. Bayan yaƙin duniya na biyu a 1945 biranen Jamus baraguzai ne, mata suka riƙa tsince jan bulo suna kankare shi ana sake gini, sauran aka niƙa. A Balin har tudu guda akwai wanda da baraguzan yaƙi aka tara shi. Kuma ko titin Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano da aka sake, tsohuwar kwalta aka kankare aka niƙa aka sake cakuɗawa aka shimfiɗa a ƙasa, kullum kuna bi ta kai

Admin: Injiniya kwalta daban kankare daban. Kuma su Jamus injin niƙa gare su, mu nan guduma ce da yaro mai jin yunwa

Oga Birkila: To ai har yau kankaren ƙasan gini jaman fulo muke ce masa, wato daɓen Jamus, kafin a zuba shi me ake cikawa a ƙasa in ba fasassun duwatsu da kankare ba? Gidan da kuke kwana a ciki ku tona ku gani

Baban Hanifa: Ni ba a Jamus nake ba a Hanwa nake

Injiniyan Samaru: Abu ɗaya da ba wanda ya taɓo kuma shi ne ya fi shafar uwargida. Garin kankare yana da kaifi irin na farar ƙasa, in ya cakuɗu da ƙasar shuka yana sa ganye ya yi ɗorawa, lemo ma musamman ba ya son haka. Inda za a yi fulawa da lemon a kwashe baraguzan tas har ƙasa ta asali, a zuba baƙar ƙasa da taki, a raba su da kab, kuma kar a dasa lemon dab da intalok saboda saiwa. Sannan in akwai ɓangaren da ya fito daga bakin masai ko inda aka daɗe ana zubar da baƙin mai wannan kam a fitar da shi

Maman Iman: Yauwa ashe dai akwai bola a ciki

Injiniyan Samaru: Hajiya ba haka na ce ba

Maman Iman: Ka ce a fitar a zubar, abin da ake zubarwa kuma Baban Hanifa ya faɗi sunansa tun farko

Oga Birkila: Ɓangare ya ce ɓangare!

Ɗalibar Kongo: Ni tambaya ma, dole ne sai an fasa? Gidan yayata a Gaskiya kan tsohon kankaren aka jera kawai

Injiniyan Samaru: Yana yiwuwa in kankaren lafiyayye ne bai lotsa ba, a huda shi wuri-wuri don ruwa ya samu hanya, a zuba yashi a jera. Matsalar tsayi ne, yashi da intalok za su ƙara wajen santimita 10, in dokin ƙofa gajere ne ruwa ɗaki zai shiga. Na Baban Hanifa dai an riga an fasa

Ɗan Gyallesu: Kenan da ya tambaya kafin ya fasa da bai kashe ko sisin marmara ba

Admin: Wannan ba shawara ba ce, ruwa zai kwanta a ƙasa

Ɗan Gyallesu: Admin ya na ga duk inda aka ce ba sai an sayi marmara ba sai ka fito?

Admin: Ban gane ba

Bakano Mai Yadi: Mu Kanawa mun gane 😂

Kawu Mai Ritaya: Wai yaron nan ɗan wace unguwa ne? In ɗan cikin gari ne a faɗa min gidansu in sa a kira shi

Baban Hanifa: A Sabon Gari yake Kawu

Kawu Mai Ritaya: Ai shi ya sa

Ɗan Gwangwan: Shi ya sa me Kawu? Mu 'yan Sabon Gari me muka yi? Duk kayan ginin da kuke saye ina kuke zuwa?

Kawu Mai Ritaya: Ni ban ce komai ba

Ɗan Gwangwan: Ka ce shi ya sa

Oga Birkila: Kawu ɗazu kai ne ka ce abin da yaron ya yi shi ne na iyaye da kakanni, yanzu da ka ji ɗan Sabon Gari ne ya zama mai laifi?

Kawu Mai Ritaya: Aikin daidai ne, tarbiyyar ce babu. Da ɗan cikin gari ne da ya yi sallama ya nemi izini

Maman Iman: Wanda ya lotsar min da gida ɗan Ƙofar Doka ne Kawu

Admin: Toh jama'a dare ya yi, saƙo ya yi yawa mutane na ƙorafin data. Bari in taƙaita abin da aka cimma. Na ɗaya kowa ya yarda an zalunci Baban Hanifa kuma Malam ya kawo hadisi cewa ha'inci ne, magana ta ƙare a nan. Na biyu Injiniya da kansa ya tabbatar cewa tsohon kankare yana lotsawa, yana kashe shuka, yana tara tsatsa, kuma ba a iya yinsa sai da injin da babu shi a nan. Na uku Maman Iman ta ba da shaidar gani da ido. Su Oga sun yi ƙoƙarin kare sana'arsu kuma mun fahimce su. Don haka shawarar zaure ita ce Baban Hanifa ya sa a kwashe bolar nan gaba ɗaya a zuba sabuwar marmara tifa biyu ko uku, hankali kwance. Mai buƙatar marmara ko yashi ko a kwashe masa baraguzai ya same ni ta gefe, akwai ragi ga 'yan zaure.

Injiniyan Samaru: Admin ina na ce babu injin? Cewa na yi ana bayar da haya. Kuma marmarar ma in ba a daɓe ta ba lotsawa za ta yi. Cire sunana daga na biyun nan

Oga Birkila: Kuma ya sake cewa bola

Ɗalibar Kongo: "Kowa ya yarda" ɗin nan ban da ni, ba a ji ta bakin birkilan ba har yanzu

Ɗan Gyallesu: Baraguzan da za ka kwashe a Hanwa a biya ka, ina kake kai su Admin? Ba kai ne ka sayar wa masu gidan biredi na layinmu tifa guda suka cike ƙofar shago ba?

Admin: Wannan maganar kasuwa ce ba ta zaure ba

Baban Hanifa: Na gode jama'a. Admin turo min farashin tifa. Injiniya kai ma turo min lambar masu hayar injin, zan ga wanda ya fi sauƙi

Ɗan Gwangwan: Alhaji kar ka manta da maganar rodin

Admin: An rufe tura saƙo sai da safe.